Me Ya Sa Sai Sifili? Tarihin Neman Ƙololuwa a Ilimin Lissafi

A shekarar da na yi bautar ƙasa an tura ni koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, aka ba ni 'yan ajin ƙarshe. Wata rana muna kan darasin gano inda adadi ke ƙaruwa, da inda yake raguwa, da inda yake kai matuƙar girmansa ko ƙanƙantarsa, na rubuta musu ƙa'idar a allo kamar yadda aka rubuta mini ita a jami'a: a fitar da ma'aunin sauyi, wato abin da littattafanmu ke kira diribatif, a daidaita shi da sifili, a warware. Sai wata ɗaliba daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa sai sifili? Wa ya ce a can ƙololuwar take?" Na ce mata haka ƙa'idar take, ta rubuta kawai domin haka za ta fito a jarrabawa. Ta rubuta. Ni kuwa na koma masauki da nauyi a zuciya, domin na san ba amsa na ba ta ba. Shekara huɗu na yi ina cin jarrabawa da wannan ƙa'ida, ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba.

Abin da na tarar da na shiga bin asalinta ya ba ni mamaki. Littattafan makaranta suna kawo neman ƙololuwa a ƙarshen babi, a matsayin ɗaya daga cikin amfanin da ake yi da ma'aunin sauyi, kamar dai an ƙera kayan aiki ne tukuna sannan aka nema masa aiki. A tarihi akasin haka aka yi. Tambayar "a ina abu ya fi girma?" ta girmi ma'aunin sauyi da ɗaruruwan shekaru, kuma ita ce ɗaya daga cikin tambayoyin da suka haife shi.

Kafin in shiga tarihin, ga ɗan misali da zai raka mu har ƙarshe. A raba 20 gida biyu, a ninka rabon farko da na biyu. 1 sau 19 ya ba da 19. 2 sau 18 ya ba da 36. Taki ɗaya kawai, an samu ƙarin 17. Amma 8 sau 12 ya ba da 96, 9 sau 11 ya ba da 99, 10 sau 10 ya ba da 100, daga nan sai a fara gangarowa. A gindin tudu kowane taki yana da tasiri mai yawa, a kusa da ƙoli kuwa taki ɗaya ƙarin 1 kacal ya kawo. Wanda ya lura da wannan ya riga ya riƙe bakin zaren.

Masanan Girka sun san wasu daga cikin irin waɗannan amsoshi. A littafi na shida na Yuklid akwai hujjar da ta nuna cewa raba layi daidai a tsakiya shi ke ba da fili mafi girma, kuma Apollonius ya keɓe littafi na biyar na aikinsa a kan lanƙwasassun layuka ga neman layi mafi gajarta da mafi tsawo daga wani ɗigo zuwa lanƙwasa. Wannan littafi na biyar ya ɓace a harshen Girkanci. Fassarar Larabci da Thabit ibn Ƙurra ya yi a Bagadaza a ƙarni na tara ita ta tsirar da shi. Sai dai kowace matsala a wurin Girkawa da irin dabararta. In an warware guda, ta gaba sai an sake sabon lale. Hanya ɗaya da za ta ɗauki kowace matsala ita ce babu.

Mutum na farko da ya tsayar da ni a wannan bincike shi ne Sharafuddin al-Tusi, mutumin garin Tus a ƙasar Farisa, wanda ya koyar a Dimashƙu da Halab da Mausil a ƙarni na sha biyu. Bai kamata a rikita shi da Nasiruddin al-Tusi masanin taurari ba, wanda ya zo bayansa. Sharafuddin ya rubuta littafi a kan lissafin daidaito a aljabara, inda ya kasa su gida ashirin da biyar. Wasu daga cikinsu, masu ɗauke da adadi ninki uku, wani lokaci suna da amsa, wani lokaci ba su da ita, shi kuma yana so ya san yaushe. A ɗauki wanda a rubutunmu na yau zai zama 12x − x³ = a. In x ya zama 1, ɓangaren hagu 11 ne. In ya zama 2, 16 ne. In ya zama 3, ya sauko zuwa 9. Sharafuddin ya gane cewa ɓangaren hagu yana da wani rufi da ba ya wucewa, a nan 16. Saboda haka in a ya fi 16 babu amsa, in ya yi daidai da 16 amsa ɗaya ce, in kuwa bai kai ba amsoshi biyu ne, ɗaya a kowane gefen tudun. Ya kuma faɗi inda rufin yake: a raba adadin da ke tare da x gida uku, a nemi abin da in an ninka shi da kansa zai ba da wannan sulusi. Sulusin 12 shi ne 4, tushensa 2.

Duk ɗalibin yau da ya fitar da ma'aunin sauyin 12x − x³ zai samu 12 − 3x², ya daidaita da sifili, ya faɗa kan 2 ɗin nan. To, ko Sharafuddin ya san ma'aunin sauyi ke nan? A nan masana tarihi suka rabu. Roshdi Rashed, wanda ya tace littafin ya buga shi, yana ganin da shi ya yi aiki ko da bai raɗa masa suna ba. Jan Hogendijk kuwa ya nuna cewa ana iya kai wa ga wannan sakamako da dabarun jometiri da aljabara waɗanda aka riga aka sani a zamanin. Zuciyata ta so ra'ayi na farko, ba zan ɓoye ba, domin akwai daɗi mutum ya ce magabatan duniyar Musulmi sun riga Turawa. Amma littafin amsa ya bayar da hujjar ingancinta, bai faɗi hanyar da mai shi ya bi ya gano ta ba, kuma son zuciya ba ya cike wannan gurbi. Abin da ba a jayayya a kansa ya isa abin alfahari: shi ne ya mayar da neman ƙololuwa makami na sanin ko matsala tana da amsa tun kafin a fara neman amsar.

Bayan shekaru ɗari huɗu wannan siffa ta lissafi ta sake ɓullowa a wurin da ba a zata ba, wato a cikin gangar giya. A shekarar 1613 Johannes Kepler, masanin taurarin nan da ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana, yana zaune a birnin Linz na ƙasar Ostiriya, ya yi aure na biyu, ya sayi gangunan giya don gidansa. Da mai sayarwa ya zo auna su, sai Kepler ya ga ya zura sanda mai alamomi ta ramin da ke tsakiyar cikin gangar, a karkace, har ta taɓa ƙasan murfin gefe, ya karanta alama, ya yanke kuɗi. Haka ya yi wa kowace ganga, bai damu da siffarta ba. Abin ya dame Kepler. Ganga doguwa siririya da gajeriya mai faɗi suna iya ba da tsawon sanda ɗaya alhali abin da ke cikinsu ya bambanta ƙwarai. Ko dai ana cutar mai saye, ko ana cutar mai sayarwa.

Maimakon ya yi rigima a kan kuɗi, sai ya zauna ya rubuta littafi, wanda ya fito a 1615, a kan auna cikin ganguna. Tambayarsa ita ce: a cikin duk gangunan da ke ba da tsawon sanda iri ɗaya, wacce ta fi ɗaukar ruwa? In aka ɗauki gangar a matsayin miƙaƙƙiya marar tumbi, aka kira rabin tsawonta x, cikinta yana tafiya ne daidai da murabba'in sandar sau x, a debe x³. Wato siffar Sharafuddin ce sak, ko da yake Kepler ta hanyar jometiri ya bi. Ya samu cewa ganga ta fi ɗauka idan tsawonta ya kai faɗin murfinta sau 1.41 ko kusa da haka. Da ya duba gangunan Ostiriya sai ya ga maƙeransu sun saba yin tsawon sau ɗaya da rabi na faɗin murfi, dab da ƙololuwar.

A nan ne ya faɗi abin da ya shiga tarihi. Ya lura cewa a kusa da matuƙar girma, in an ɗan kauce hagu ko dama, raguwar da ake samu da farko ba ta ko ganuwa. Na gwada lissafin da kaina: ganga mai sau 1.5 ba ta gaza mafi kyawun ganga da ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa sandar mai giya take gaskiya a Linz. Ko maƙeri ya ɗan yi kuskure a tsawo, awon bai canza ba, domin gangar tana zaune a kan shimfiɗaɗɗen ƙolin tudu. A yankin kogin Rhine, inda siffar gangunan ta bambanta, sandar ba za ta yi wannan adalci ba. Maƙeran ba su san lissafin ba, gwaji da gado suka kai su can. Kepler ya ga dalilin, amma bai mayar da shi hanyar aiki ba.

Wanda ya yi wannan lauya ne. Pierre de Fermat ɗan majalisar shari'a ne a birnin Toulouse na kudancin Faransa, lissafi kuwa abin da yake yi ne in ya tashi daga aiki. Ba ya son buga littafi. Yawancin abin da ya gano a wasiƙu ya bazu, ta hannun wani limamin Kirista a Paris mai suna Marin Mersenne, wanda ya zama kamar gidan waya ga masanan Turai na lokacin. A wajejen ƙarshen 1637 Fermat ya aika da 'yar gajeriyar takarda a kan hanyar gano mafi girma da mafi ƙanƙanta, kuma misalinsa na farko shi ne namu na raba layi gida biyu.

Ga yadda ya yi. A kira layin B, rabon farko A, na biyu B − A. Ninkinsu AB − A². Sai ya ce a ɗan matsa, a sa A + E a madadin A. Sabon ninkin zai zama na farko tare da ƙarin BE − 2AE − E². Sai ya ɗauki ninkin biyu kamar daidai suke, da wata kalma da ya aro daga Diophantus mai nufin kusan daidaito, wanda ke sa wannan ƙari ya zama sifili. Ya raba ko'ina da E, ya samu B = 2A + E. Daga nan ya share E, ya rage B = 2A. Rabi da rabi.

Me ya sa wannan ke aiki? Sai da na koma kan lambobi na gane. A misalinmu na 20, rabon farko in ya zama 8 ko 12, ninkin 96 ne duka. In ya zama 9 ko 11, 99 ne duka. Kowane tsayi a jikin tudun yana da tagwaye, ɗaya a wajen hawa, ɗaya a wajen sauka, kuma E ita ce tazarar da ke tsakaninsu. A gwada: A ya zama 9, E ta zama 2, sau biyu na 9 a ƙara 2 ya ba da 20 cif. Yayin da ake hawa tagwayen suna matsowa kusa da juna, a ƙoli kuwa su haɗe su zama ɗaya, tazarar ta ɓace. Abin da ya rage bayan an raba da E an share ta, wato B − 2A, shi ne ainihin abin da muke kira ma'aunin sauyi a yau, kuma ga shi an daidaita shi da sifili. Amsar tambayar ɗalibata tana nan tun 1637. Fermat ya kuma nuna cewa wannan dabara ita ce ke gano layin da ke shafar lanƙwasa a ɗigo guda, wanda ya haɗa matsaloli biyu da a da ake ganin ba su da dangi.

Takardar ta isa hannun René Descartes a farkon 1638, watanni kaɗan bayan ya buga nasa littafin jometiri mai ɗauke da tasa hanyar gano layin shafa, wadda ta fi ta Fermat wahala nesa ba kusa ba. Dama akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsu, domin Fermat ya soki bayanin Descartes a kan haske. Descartes ya ce hanyar ba ta da inganci, ya jefa masa ƙalubale da wata lanƙwasa mai siffar ganye. Fermat ya warware ta ba tare da wahala ba. A ƙarshe Descartes ya rubuta masa wasiƙar yabo, amma a bayan ido bai daina rage masa daraja ba. Takardar kanta ba a buga ta cikin tarin ayyukansa ba sai 1679, shekara goma sha huɗu bayan rasuwarsa, da ɗansa Samuel ya tattara su.

Kafin ya rasu ya yi amfani da hanyar a kan abin da ya fi raba layi nauyi. An san cewa haske yana karyewa in ya fita daga iska ya shiga ruwa. Ibn Sahl ya gano ƙa'idar wannan karyewa a Bagadaza a ƙarni na goma, Snell da Descartes suka sake gano ta a ƙarni na sha bakwai. A 1662 Fermat ya ɗauka cewa haske ya fi tafiya a hankali cikin ruwa, kuma yana bin hanyar da ta fi ƙarancin lokaci. Ya nemi mafi ƙanƙantar lokacin da dabararsa, sai ga ƙa'idar karyewar haske ta fito daidai. Mabiyan Descartes suka ƙi yarda, suna cewa ta yaya haske zai san hanyar da ta fi sauri tun bai bi ta ba. Sai a 1850 aka auna a ɗakin gwaji aka tabbatar cewa lallai haske ya fi jinkiri a ruwa.

Labarin Isaac Newton da Gottfried Leibniz, da rigimar wa ya riga wa, an ba da shi har ya gundura, ba zan tsaya a kansa ba. Abin da ya shafe mu shi ne kowannensu ya mayar da dabarar Fermat tsari mai ƙa'idoji. Newton ya kalli adadi kamar ruwa mai gudana cikin lokaci, ya ce a daidai lokacin da ya kai matuƙa, ba gaba yake yi ba, ba baya ba, don haka a nemi saurin gudunsa a ɗauke shi a matsayin babu. Ya rubuta wannan a 1671, amma ba a buga ba sai 1736, bayan mutuwarsa. Leibniz ne ya fara bugawa, a wata mujallar masana ta birnin Leipzig a 1684, kuma sunan maƙalar ma ya isa shaida ga abin da nake faɗa: sabuwar hanya ce ta gano mafi girma da mafi ƙanƙanta, da layukan shafa. Takardar haihuwar kalkulas ke nan, kuma da neman ƙololuwa aka raɗa mata suna.

A cikin waɗannan 'yan shafuka, masu wuyar fahimta da kurakuran ɗab'i, akwai kusan duk darasin da na koyar a aji. Leibniz ya bayyana cewa in ɗan bambancin adadi yana sama da sifili, adadin ƙaruwa yake yi. In yana ƙasa da sifili, raguwa yake yi. In babu ko ɗaya, an kai ƙoli ko ƙasan kwari. Ya kuma duba bambancin bambancin, ya nuna cewa shi ke faɗin ko lanƙwasa ta kife kamar ƙwarya ko ta buɗe sama, da inda take juyawa daga wannan zuwa wancan. Wannan ƙari yana da muhimmanci, domin sifili kaɗai ba ya tabbatar da ƙololuwa. Ma'aunin sauyin x³ sifili ne a inda x yake sifili, amma babu ƙoli a wurin, hawa ne ya ɗan numfasa ya ci gaba. Sai an ga alamar ta juya daga ƙaruwa zuwa raguwa sannan a ce an taka ƙoli. Misalin da Leibniz ya zaɓa don nuna ƙarfin hanyarsa kuwa shi ne karyewar hasken nan da ta sha wa Fermat kai, ya gama da ita a 'yan layuka. Littafin koyarwa na farko ya fito a 1696 daga hannun L'Hôpital, a 1748 kuma Maria Gaetana Agnesi ta birnin Milan ta wallafa nata da harshen Italiyanci domin matasa su iya karantawa.

Sai dai akwai tsaga a jikin bangon, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A koma kan lissafin Fermat. Ya raba da E, wanda ba ya halatta sai in E ba sifili ba ce. A layi na gaba ya share ta, wanda ba ya halatta sai in sifili ce. To, wacce ce? Newton da Leibniz sun gaji wannan matsala, sun sauya mata suna kawai. Michel Rolle ya tayar da ita a majalisar masana kimiyya ta Paris a farkon ƙarni na sha takwas. Wanda ya fi kowa iya faɗinta kuwa ba masanin lissafi ba ne, malamin addini ne: George Berkeley, bishop a ƙasar Ayalan, a wani ɗan littafi da ya fitar a 1734. Manufarsa ta addini ce. Yana so ya nuna cewa masu yi wa imani ba'a da sunan hankali su ma suna haɗiye abin da ba su fahimta ba. Ya kamanta waɗannan ƙananan adadi da fatalwa, ba su nan kuma ba su tafi ba. Bai ce amsoshin ƙarya ne ba. Cewa ya yi hujjar ba ta tsaya ba, kuma a nan gaskiya ya faɗa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma gyaran ya ɗauki lokaci. Colin Maclaurin ya mayar da martani da babban littafi a 1742, inda a ciki ya kawo cikakkiyar hanyar bambance ƙoli da kwari ta duba ma'aunin sauyi na biyu da na gaba da shi. Masana suka ci gaba da aiki, suna lissafin tafiyar wata da motsin ruwa da kaɗawar tsirkiya, amsoshi suna fitowa daidai, tushe kuwa yana lilo. A 1797 Joseph-Louis Lagrange ya kawo sunan da ake amfani da shi har yau da 'yar alamar nan da ake ɗorawa a saman f. Shi ne kuma ya ga cewa maganar da kowa ke ɗauka a bayyane take, wato in ma'aunin sauyi yana sama da sifili a wani tsakani to adadin ƙaruwa yake yi a can, tana bukatar hujja. Na daɗe ina mamakin wannan. Ma'aunin sauyi labarin ɗigo ɗaya yake bayarwa, ƙaruwa kuwa magana ce a kan ɗigo biyu masu tazara. Tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba kyauta ba ce.

Augustin-Louis Cauchy ne ya kori fatalwar, a darussan da ya buga a Paris a 1821 da 1823. Ya ce ba a bukatar E ta zama sifili. A raba da ita tana da rai, sannan a tambaya: wane adadi sakamakon ke kusanta yayin da E ke ƙanƙancewa? B − 2A − E yana kusantar B − 2A gwargwadon yadda ake so, wannan iyaka ita ce ma'aunin sauyi. Daga baya Karl Weierstrass, wanda ya shafe shekaru fiye da goma yana koyarwa a makarantun sakandare na ƙauyukan Jamus kafin a san shi, ya ɗaure maganar tamau a Berlin. Ya tabbatar da abin da kowa ya ɗauka a banza tun zamanin Yuklid, cewa layi marar yankewa a kan rufaffen tsakani dole yana da wuri mafi tsayi da mafi ƙasa. A 1872 kuma ya gabatar da wani layi marar yankewa wanda ba shi da ma'aunin sauyi a ko'ina, duk jikinsa kusurwa ne. Wannan ya tuna wa kowa cewa ƙoli yana iya zama tsini, inda dabarar Fermat ba ta da abin cewa, ko ya kasance a bakin iyakar tsakanin, shi ya sa ake umartar ɗalibi ya duba waɗannan wurare ma. Masaniyar tarihin lissafi Judith Grabiner ta taƙaita tafiyar da cewa an fara amfani da ma'aunin sauyi, sannan aka gano shi, sannan aka bunƙasa shi, sai a ƙarshe aka faɗi ko mene ne. Daga Fermat zuwa Weierstrass shekara fiye da ɗari biyu ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda hujjar zamani ta tsaya. Don a nuna cewa ma'aunin sauyi mai sama da sifili yana nufin ƙaruwa, ana dogara da ƙa'idar matsakaicin sauyi, wadda ke cewa direban da ya yi kilomita 100 a awa biyu, dole akwai lokacin da gudunsa ya kasance kilomita 50 a awa daidai. Wannan ƙa'ida, a hujjar Ossian Bonnet da aka buga a 1868, tana dogara da wadda ake kira ƙa'idar Rolle: in ka tashi daga wani tsayi ka dawo gare shi ba tare da tsini a hanya ba, akwai inda gangararka ta zama sifili. Rolle ya kawo ta ne a 1691 don wata bukata ta aljabara, kuma abin dariya ne cewa sunan mai sukar kalkulas ya zama ginshiƙi a cikinsa. Ita kuma ƙa'idar Rolle a kan abu biyu take zaune: na Weierstrass, cewa ƙolin yana nan, da na Fermat, cewa a ƙolin ma'aunin sauyi sifili ne. Ashe abin da littafina ya ajiye a ƙarshen babi a matsayin amfani shi ne dutsen da sauran babin ke bisa, a tarihi da kuma a hujja.

Bayan mako biyu na koma wa ajin da darasin. Ban rubuta ƙa'ida ba. Na rubuta 8 sau 12, 9 sau 11, 10 sau 10, 11 sau 9, 12 sau 8, na ce su faɗa mini abin da suka gani. Suka ga tagwayen da kansu. Na ba su labarin sandar mai giya, sannan na bi lissafin Fermat layi bayan layi har na share E. Ɗalibar nan ta daɗe tana kallon allo, sannan ta sake ɗaga hannu. "Malam, ɗazu ka raba da E, ka kuma taɓa ce mana ba a raba abu da sifili. Yanzu ka ce sifili ce." Na ce mata wani bishop ya yi wannan tambaya a 1734, kuma sai da aka yi kusan shekara casa'in kafin a ba shi amsa. Na goge rabin allon, na rubuta E = 1, E = 0.1, E = 0.01 a jere, na miƙa mata allin na ce ta zo ta lissafa B − 2A − E a kowanne, ta gaya wa ajin inda lambobin suka dosa.